Takunkumin Ɗan Baƙi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, da Baba da Inna da Auta. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau nake. Sanyi ne dai ban saba ba, hannuwana sun ɗan tsage wajen ɗaukar ingirici a gonar makaranta, amma kada Inna ta ji.

Auta ta rubuto mini cewa Baba ya sa wa maraƙina Ɗan Baƙi takunkumi saboda yana cin ƙasa da tauna igiya, wai in bai yi ƙiba ba mahauci zai zo. Yaya, ba rashin ji ba ne. A nan maruƙan da ake ba ciyawar da aka yanka da ɗanyenta, aka shanya a inuwa, sun murje. Waɗanda ake ba wadda ta tsufa a gona har ruwa ya dake ta, bango suke lasa, ƙafafunsu sirara. Malamar noma ta ce cikinsu na cika, amma ƙashinsu ba ya samun sinadarin da ke gina shi. Ciyawarmu ta bara ka san irin ta biyun ce.

Don Allah ka cire masa takunkumin, ka samo gishirin lasa da dusa, ka roƙi Baba ya ƙara masa lokaci. Sai dai kada ka ce daga bakina ya fito. Ni ba zan iya gyara wa Baba kiwo ba, amma kai yana jin maganarka.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka