Ƙorafi a kan Tayar da Injin Kiku-maru a Tudu Ba Ruwa

Zuwa ga:
Mai girma Tomura Gen'ichi,
Shugaban Ƙungiyar Masunta,
Tashar Kamejiri.

Daga:
Uratani Shuhei,
Gidan marigayi Uratani Sakuzo,
Unguwar Bayan Tasha.

7 ga Janairu, 1997

Game da: abin da aka yi wa injin jirgin mahaifina ranar hawan farko, da shirin maimaita shi ranar 15 ga wata.

Ranka ya daɗe,

Ranar 29 ga Disamba ina cikin jirgin fito, tsakanin babban gari da tsibirinmu, ɗauke da tiyo, bokiti, sifana, 'yan fankokin roba guda biyu, da maganin gwiwar mahaifiyata. Na ambaci kayan ne don kada a ce ban shirya ba.

Fankar nan ita ce ke cikin famfon da ke zuƙo ruwan teku yana sanyaya inji. Da ruwa take rayuwa, in ta juya a bushe sai ta ƙone. Injin Kiku-maru, jirgin mahaifina, sa'ana ne, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. A wani shagon tsofaffin kaya na samo biyun, mai shagon ya ce daga su babu sauran. Yanzu saura ɗaya.

Mai girma Shugaba ya fi ni sanin dokar ƙungiya: jirgin da ya yi kaka biyu a jere bai fita kamun ƙananan kifin ikanago ba ya rasa gurbinsa. Bara mahaifina yana kwance, jirgin bai fita ba. Ya rasu a watan Agusta. Na bar aikina a Norwe, inda na yi karatun injin jirgi, na dawo gida. Kakar bana ita ce ta biyu. Jirgin yana tudu a dandalin gyara, an cire masa katako biyu a ciki, ba zai koma ruwa ba sai ƙarshen wata.

Wanda nake ƙorafi a kansa shi ne mai kula da dandalin, Hamabe Isamu, ƙanin mahaifiyata. Zan riƙa kiransa Kawu a wannan takarda, don bakina bai saba da wani sunan ba.

1. Ganga. Na san ana kulle famfon dandali da shigowar sabuwar shekara. Saboda haka ranar 30 ga Disamba na sa sabuwar fanka, na cika ganga da ruwa, na ajiye ta a gindin jirgin. Washegari, a sharar ƙarshen shekara, Kawu ya tuntsurar da ita, ya wanke ta tas, ya kife. Da na tambaye shi sai ya ce, “Tsohon ruwa ba ya ƙetare shekara, Bature. A can ba su koya muku ba?” Ba su koya mana ba.

2. Famfo. A gidajen tsibirin nan kwana uku ake kaffa-kaffa da zubar da ruwa, kada a wanke sa'ar shekara. Famfon dandali kuwa Kawu ya ɗaure masa igiyar tsarki ta karan shinkafa, ya ƙara da kwaɗo, ya ce sai an ƙona igiyoyi da yammacin 15 ga wata. Na roƙi makulli. Ya ce, “In wanke sa'ar gari guda don ƙarfe ya sha ruwa? Wuce ka ba ni wuri.” Ban ga wannan tsawaitawa a cikin dokokin ƙungiya ba. Ina jin a cikin Kawu take.

3. Hawan farko. Ranar 2 ga Janairu, kamar kullum, kowane mai jirgi yana zuba barasar shinkafa a goshin jirginsa, ya tayar da inji don uwar jirgi, wato aljanar da aka ce tana tsaron jirgin, ta farka, ya jefa wa jama'a lemo. Ba ni da ja a kan haka. Na dai gaya wa Kawu abu uku. Injin da ke tudu ba a tayar da shi sai an sa bakin tiyonsa cikin ruwa. In ya tashi, a duba salansa a ga ruwa yana fita, in babu a kashe nan take. Kuma kada kowa ya tsaya kusa da farfela. Ya saurare ni har ƙarshe, yana ɓare lemo, yana gyaɗa kai.

Na ɗauki bokiti na gangara ɗebo ruwan teku. Ruwa ya janye nesa, gangaren kuma santsi ne da gansakuka. Ina can ƙasa aka busa ƙahon ofishin ƙungiya. Kawu bai ga dalilin da Kiku-maru za ta makara ba. Ya hau, ya buɗe murfin matatar ruwan inji, ya juye mata babbar kwalbar barasa, ya murɗa makulli.

Ranka ya daɗe, injin nan yana shanye bokiti kafin mutum ya gama ɗaura takalmi. Kwalba kuwa kafin a gama tafi ya gama da ita. Na yar da bokitin, na hauro da gudu, na faɗi sau ɗaya, na kashe shi. Warin ƙonanniyar roba ya riga ni isa.

Kawu ya ce a rubuta cewa bai tayar da shi a bushe ba. Na rubuta. Ya kuma ce, “Ubanka shekara da shekaru yana ba ta, ba ta taɓa yin tari ba.” Mahaifina a goshin jirgi yake zubawa, kuma a lokacin akwai teku a ƙarƙashinsa.

4. Farfela. Lemon da aka jefa ya gangara ƙarƙashin jirgin. Da na iso, mahaifiyata, Uratani Kiku, mai shekara saba'in da tara, tana sunkuye da sandarta tana tsintarsa, kanta dab da farfela. Kawu yana sama yana ɗaga wa jama'a hannu, gwiwar hannunsa tana shafar sandar da ke haɗa inji da farfela. Bai ture ta ba. Iyakar abin da zan iya faɗa a madadinsa ke nan. Da na janye ta sai ta ce, “Sake ni, ɗan nan, na gidanmu ne, kada matar Tomura ta riga ni.” Ita kam ban zo da ta biyu a jaka ba.

5. Ɓarna. Fankar ta narke, fukafukanta sun kakkarye sun shige cikin bututun sanyaya inji. Da tsinken cin abinci na riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya. Tiyon salansa ya yi bororo, na yanke wurin na haɗa. Ɗakin inji har yau warinsa irin na zauren ƙungiya ne washegarin biki. Adalci ya sa in ambata cewa Kawu yana zuwa kowace rana da miyar kifi da curin shinkafa, ya zauna a kan gangar da ya kife, yana ba ni shawara. Miyar tana da daɗi.

6. Maimaitawa. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kawu ya yanke cewa ni na ɓata wa uwar jirgi rai, tunda na kashe mata inji tana tsakiyar farkawa. Ya ce dole a sake da safiyar 15 ga wata, kafin a ƙona igiyoyi, wato famfo yana kulle. Ya kuma gano inda aka yi kuskure a karon farko. “Kwalba ɗaya ce ta yi kaɗan,” in ji shi. Ya tanadi biyu.

Mai girma Shugaba yana wurin ranar 2 ga wata, shi ne ke riƙe da kwandon lemo. An gaya mini har ya tafa. Ban gani da idona ba, ina kwance a gangare a lokacin.

Saboda haka ina roƙon ofishinka da girmamawa:

(a) A buɗe famfon dandali da safiyar 15 ga wata. In hakan zai wanke sa'ar gari, a bar ni in cika gangar da ruwan teku tun ranar 14, a kuma sanar da Kawu a rubuce cewa ruwan bana ne.

(b) A ja igiya a kewaye bayan jirgin, kowa ya tsaya a wajenta. In igiyar tsarki aka sa ya fi, ita ce mutanenmu ba sa tsallakewa.

(c) Lemo a jefa shi ta gaban jirgi.

Ba na neman a cire Kawu daga aikinsa. Shi ya jawo Kiku-maru tudu a ranar da aka kai mahaifina asibiti, ya rufe ta, ya yi ta share mata ganye har na dawo. Ba na kuma neman a taɓa al'ada. Barasar da hannuna zan zuba ta a goshin jirgi, duka kwalba biyun in ana so, zan kuma tafa inda ake tafawa. So nake kawai jirgin ya fita a bana, da sunan mahaifiyata a jikinsa.

A ƙarshe ina sanar da ofishinka cewa yau da rana na sa fankar da ta rage, na rufe ƙofar ɗakin inji, na danna kwaɗo. Makullin yana gida, a kan teburin tunawa da mahaifina, gaban hotonsa, kusa da kwanon turare. Kawu yana da damar zuwa ya roƙe shi da kansa. Ni dai ba zan buɗe ƙofar nan ba sai na ga ruwa a cikin ganga.

Ina jiran umarninka. Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka mai biyayya,

Uratani Shuhei
(wanda ake kira Bature)