Inna, Tambayoyin Suna Ƙara Sauƙi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Kulu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan makwancinki yana cike da haske, ina da sanarwa mai nauyi gare ki da kuma jama'ar da ke karanta rubutuna a wayoyinsu: ranar Larabar da ta wuce, a majalisarmu ta bakin kasuwar Jega, an tambayi ɗanki Malam Bello babban birnin ƙasar Mali, ya kasa faɗa.

Kin san girman wannan al'amari. Ni ne alƙalin gardama a rumfar nan tun gemuna yana baƙi. Jerin sarakunan Gwandu, wanda ya fito uban yarinya a wani tsohon fim ɗin Indiya, gidan da aka fara kunna talabijin a Aliero har yara suka kayar da danga, duk ni ake jira. Ranar nan ma an jira Malam. Malam ya kurɓi shayi, ya ce tambayar ta yi masa ƙanƙanta. Aka yi dariya. Sai da nake alwalar la'asar Bamako ta zo mini, lokacin da ba mai bukatarta.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ki ba.

Ranar Asabar na dawo daga Aliero, wajen duba albasar da muka ajiye. Na iso mararrabar da nake bi kullum, sai na rasa dama zan yi ko hagu. Inna, gidana fa nake nema. Na sauka na durƙusa ina taɓa sarƙar babur kamar ita ce ta samu matsala, har Allah ya kawo wani maƙwabcina, na bi bayansa.

Baba na tuna a durƙuson nan. Kin fi kowa sanin abin da ke cikin kansa a da: wanda ya haƙa kowace rijiya a garinmu Mungadi, dangin da suka taso daga Karaye da abin da ya taso da su, iyakar gonar kowa. Daga baya ya koma yana kirana da sunan ƙanensa, yana tambayar ki ko kin ga matarsa. Ke kuma ki gyara masa hula ki ce, "Tana nan tafe, Malam, ka ci tuwonka."

Ban faɗa wa kowa zancen mararraba ba, amma Hadiza matata ba ta bukatar a faɗa mata. Ita da 'yarmu Rabi sun ƙirƙiro wasa: kullum bayan magariba, kacici-kacici da Baba, wato ni. Wai don Rabi ta ƙaru. Yarinyar da ke jami'a, mai waya a hannu, yanzu ta gano tana da uba masani.

Farko sun zo da tarihi, na cinye su. Suka zo da tsofaffin wasannin talabijin, na ba su har da waƙar buɗe shiri. Amma na lura in Rabi ta jefo tambaya, Hadiza takan daina tsince shinkafa, ba ta ci gaba sai na amsa.

Kuma tambayoyin suna ƙara sauƙi, Inna. Shekaranjiya an tambaye ni sunan kogin da ya ratsa ta Jega. Jiya Rabi ta ce, tana murmushi, idonta a kan tabarma, wace miya muka sha da rana. Na amsa. Kuɓewa ce. Sai dai kafin in amsa akwai wani ɗan fili fari a kaina, ba kowa a ciki, kuma sun gan ni tsaye a cikinsa.

Na san wasan nan, don ni ma na yi wa Baba shi. Na san inda yake ƙarewa. Ranar da Rabi za ta nuna kanta ta ce, "Baba, wace ce wannan?" ita nake tsoro, fiye da kabari. Shi ya sa na yarda su kai ni asibiti ranar Litinin. Shi ya sa kuma nake rubuto miki tun ina riƙe da sunanki.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya saka miki da Aljanna a kan kowace loma da kika ba shi bai san ki ba. Ni kuma ya bar mini Fatiha da fuskokin iyalina, sauran duk ya karɓa in ya so, har Bamako.

Ɗanki,
Bello.

Na kusa mantawa, kin ga irin ta ke nan. Lokacin jinyar Baba na taɓa ce miki rashin karatun boko ne ya kai shi haka, wai kan da ke karanta littafi ba ya tsatsa. Kika dube ni kika ce, "To, ɗan ga, Allah shi sa." Inna, maganar nan tawa ba daidai ba ce.