Aikin da Ba Ya Ɓata Hannu

Daga Shugaban makanikan Bawku, zuwa ga Malam Salisu mai doya a Salaga.

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya iyali, yaya ƙafar Inna, yaya kasuwa?

An kawo mini ƙara, wai kana matsa wa ƙaninka Idi ya bar gareji ya zo sayar da doya. To, saurara. Ran Laraba aka jawo motar wani Alhaji ɗan Yendi, sabuwa fil, ta ƙi tashi. Idi ya jona mata na'urar gano matsala, ya wuni yana bin wayoyi har ya gano wadda ɓera ya ci. Alhaji ya dubi hannunsa ya ce, "Kai, ko baƙin mai ba ka taɓa ba!" Ya miƙo kuɗin facin taya. Idi ya riƙe makulli sai da aka biya shi daidai.

Motocin yanzu ƙwaƙwalwa suke wahalarwa, masu su kuwa dauɗar hannu suke biya. Idi bai yi boko ba, lambobin na'urar haddace su yake kamar karatun allo, kuma ba zai bar aikin ba.

A sa shi a addu'a, a gaida Inna da yara.

Af, Yaya, ni ne Idi. Doya dai a aiko, amma ni ba na zuwa.