Sunan da Ba a Sa Cikin Tarihin Kamfanin Zumunta Ba

Runka, 4 ga Yuli

Yaya Abdulhakim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Rashida da yara. Ya Katsina? Inna tana gaishe ka. Baba yana kwance, ƙafafun sun ƙara kumbura.

Littafin da ka rubuta na cikar Kamfanin Wayar Zumunta shekara ashirin ya iso. Baba ya sa aka tayar da shi zaune aka jingina shi da bango, na karanta masa tun daga bangon farko. Ka faɗi yadda aka fara da wayar tebur uku a wani shago a Batsari, ka jera sunayen manajoji da injiniyoyi. Baba yana ta saurare, har na rufe littafin bai ji sunansa ba. Sai ya nemi a kwantar da shi.

Yaya, amalanken wa ya kwaso ƙarafunan nan daga Safana cikin laka? Gonar wa aka yanka aka kafa ƙarfen sabis na Runka? Wa ya yi shekara goma sha shida yana gadin janareto? A gabanka aka yi.

Wai kuma har ka rubuta cewa Zumunta ba ta taɓa juya wa ƙauye baya ba. Bara, da aka sayar da kamfanin ga baƙi, kai ka zo da a-kori-kura aka kwance na'urorin. Ƙarfe tsirara kuka bar mana. Ka ji tsoron Allah.

Ƙanwarka,
Mahfuza

Runka, 29 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Ranar zaman makoki ka yi ta tambaya me ya hana a kira ka da wuri. Na yi shiru saboda mutane. To ga amsa. Da numfashin Baba ya sarƙe da hantsi, mijina Tayyib ya hau dutsen bayan gari neman sabis, don ya kira mota ya kuma kira ka. Can kowa yake hawa tun da kuka tafi, 'yan bindiga ma sun san haka. Suka harbe shi a cinya. Da jan ciki ya gangaro. Kafin a sami babur, Baba ya cika.

Likita ya ce Tayyib ba zai ƙara bin shanun huɗa ba.

Yanzu ga takardar gayyata, wai in zo bikinku in karɓi lambar yabo a madadin Baba. Sai da ya mutu kuka tuna? Ba zan zo ba. Ku rataya wa junanku. Kada kuma ka sake ce mini umarni ne daga sama. Hannunka ne ya riƙe sufana, ba na sama ba.

Wassalam,
Mahfuza

Runka, 20 ga Agusta

Yaya Abdulhakim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Tayyib ya fara takawa da sanda, yana gaishe ka.

Daudu direba ya ba mu labari. Ya ce da aka ba ka lasifika a wurin bikin, ka ajiye jawabin da aka shirya, ka karanta wasiƙata ta farko gaban manya har ƙarshe, suka kashe lasifikar ka ci gaba da bakinka. Ya ce washegari suka karɓe makullan ofis daga hannunka.

Kada ka zaci na huce. Baba bai ji ba, kuma har yau mata suna tura mazansu dutsen nan. Sai dai na yi kuka da na ji, ban san ina da sauran hawaye dominka ba.

Inna ta share ɗakinka da kanta, ta hana kowa taya ta. Gero ya fara fitar da kai, kuma babu namiji mai ƙafa biyu a gidan nan. Ka biyo motar ranar kasuwa, kada ka yi yamma a hanya.

Taka har kullum,
Mahfuza