Inna da Haƙoran Auta

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan kalau muke, in ka cire raina da yake a ɓace tun shekaranjiya.

Ka tuna layin da na kama wa Auta wajen likitan haƙori wata biyu da suka wuce? Ranar Litinin aka zo kanmu. Babu allura, babu huda. Ya wanke haƙoranta na tauna guda huɗu, sababbin nan da suka fito bana, ya zuba wani farin shafi a cikin kwarinsu, ya haska wata shuɗiyar fitila ya bushe. Ya ce shafin zai hana guntun abinci maƙalewa har haƙori ya yi kogo. Na fito ina murna, don ka san rantsuwar da na yi ranar da aka cire wa yayanta haƙori yana ihu yana cukuikuyar rigata. Har yau Giɓi ake kiransa a makaranta, kuma irin waɗannan haƙoran in sun tafi sun tafi ke nan.

Ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar da Innata a bakin keken ɗinkinta, kan Auta a cinyarta, tabarau a kan hanci, tsinken farke ɗinki a hannu. Wai ta leƙa bakin yarinya ta ga cingam ya daskare, wai ni uwar zamani ce da ba ta duba 'ya'yanta. Har ta ɓantare na haƙori ɗaya, ta tara mini ɓarɓashin a murfin kwalba don in gani da idona! Ita kuwa Auta, sarauniyar surutu, ba ta ce uffan ba, saboda an yi mata alkawarin alewa in ta yi shiru. Alewa fa, Baban yara!

Idona ya rufe. Na ce mai haƙori uku a baki ba za ta koya mini kula da haƙori ba. Ta dube ni, ta rufe kekenta, ta shige ɗaki. Kwana biyu ke nan gaisuwata kawai take amsawa. Na san na yi ɓarin baki, amma ni ma wa zai ba ni haƙuri?

Yara suna gaishe ka.

Taka,
Maman Auta

Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarka, na kuma lura dariya ka yi ta yi, Allah ya isa tsakanina da kai.

Jiya ina wurin aiki Inna ta saɓa mayafi ta ja Auta zuwa wajen likitan, ba tare da kowa ya sani ba. Ta zauna a kan bencinsu tun safe har azahar, ta ce ba inda za ta sai an gyara abin da ta ɓata. Cikin minti goma likitan ya mayar da shafin. Auta ce ta ba ni sauran labarin. Wai da aka gama, Inna ta hau kujerar da kanta, ta buɗe baki ta ce a shafa wa ukun nan nata. Likitan ya lallashe ta ya ce nata sun wuce nan. Sai ta ce masa tun ranar da aka cire na Giɓi kullum sai ta leƙa bakin jikokinta, don ita da take yarinya ba wanda ya taɓa leƙa nata.

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗin in buɗe bakina. Ta gyara tabarau, ta juya kaina wajen taga kamar 'yar shekara shida, ta kuwa gano rami a can ƙurya, wanda na shekara ina ɓoyewa saboda tsoron allura.

Ta riga ta kama mini layi ranar Alhamis, kuma ta ce ita za ta raka ni. Ka taya ni da addu'a, ka kuma daina dariya.

Matarka,
Maman Auta