Kazar Inna ta ƙarshe

Daren Laraba, Kwanyawa

Wake-wake ta mutu yau da hantsi, a kan ƙwanta. Jiya lafiya lau ta ci ta sha. Ita kaɗai ta rage cikin kajin da na taho da su daga Fulatan bayan rasuwar Inna.

Malam Sabo, malamin dabbobi, ya buɗe cikinta. Kitse ko'ina, hantar ta yi rawaya, tana dagargajewa a hannunsa, ga gudan jini a gefenta. Ya ce, "Hajiya, me kike ba ta?" Na ce masara da sauran tuwo, kuma ba na barin ta fita saboda shaho. Ya ce, "To, ƙiba ce ta fasa mata hanta."

Inna kuwa tsaki tafi ɗaya take watsa musu, ta kora su bayan gida su yi tono. Har na taɓa ce mata tana yi wa kaji rowa. Dariya kawai ta yi, tana karkaɗe zaninta.

Shekara biyu ina ganin na fi ta iya riƙon kazar nan. Allah Ya jiƙanki, Inna. Ashe ba rowa ba ce.