Rasuwar Magajin Aska da sunan da ya bari

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Limamai da Wanzamai Masu Wayar da Kai kan Cutar Ƙanjamau, shiyyar Anka, Gummi da Bukkuyum, ta samu labarin rasuwar uba kuma jigonta, Alhaji Shitu Nafi'u, Magajin Aska, wanda Allah Ya yi wa cikawa a Nasarawa Burkullu bayan fama da hawan jini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ne ya fara tsayuwa a ƙofar masallatan Juma'a yana maganar ƙanjamau tun lokacin da ambaton sunanta ma abin kunya ne. Shi ya lallashi 'yan uwansa wanzamai suka koma sabuwar reza ga kowane yaro wajen kaciya, ya kuma bi waliyyai har rugage yana roƙon a gwada jinin ango da amarya kafin ɗaurin aure. Yawan maganar tasa ya sa samari suka laƙaba masa Mai Ƙanjamau, shi kuwa ya riƙa amsawa da dariya, yana cewa ko ba komai bakinsu ya saba da kalmar.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yadda wasu suka ɗauki sunan tsokana a matsayin shaidar cewa yana ɗauke da cutar. Mun samu labarin cewa mata na yi wa uwargidansa, Hajiya Saude, gaisuwa daga bakin zaure, kuma gumbar sadakar uku ta kwana ba wanda ya taɓa. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai. Ba ƙanjamau ce ajalinsa ba, kuma ko da ita ce, ai marigayin ya ƙarar da muryarsa yana faɗa mana cewa ba a ɗaukarta a kwano ko a musafaha.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya bai wa Hajiya Saude da 'ya'yansa, Hafizu da Lubabatu, haƙurin jure rashi da juriyar abin da ya biyo baya. Ranar sadakar bakwai, in Allah Ya kai mu, limamanmu da matansu za su hallara a gidan, kuma da ludayin gidan za su sha fura.

Malam Auwalu Magaji Gummi
Sakataren Yaɗa Labarai